Sadauki ko shaƙiyyi: wa za ka bi cikin labarin almara?

A ce ga wani kogi mai faɗi, gada ɗaya ce tal a kansa, a tsakiyar gadar kuma ga dodo zaune, ya rantse ba mai ƙetarewa sai ya bar masa hannunsa na dama. Sai ga matafiya biyu sun iso, kowanne daga nasa littafin ya fito.

Na farko ya sauko daga doki, ya ɗaure ɗamara, ya tuna alkawarin da ya yi wa mahaifinsa ranar da zai cika, ya zare takobi. Aka yi ta ba-ta-kashi tun hantsi har rana ta yi ja. Ya kashe dodon, amma amininsa da suka taso tare ya faɗi a wurin, shi kuma ya ƙetare da tabon da zai shiga kabari da shi.

Na biyu ko dokin da ya hau ba nasa ba ne. Yana hango dodon sai ya laluba aljihu ya zaro wata tsohuwar takarda, ya buɗe ta a juye don ko bihim bai sani ba, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, daga fada aka aiko ni. Shekara nawa ke nan kana karɓar hannuwan talakawan sarki a kan gadar sarki, ko sau ɗaya ba ka kai haraji ba?" Dodo ya yi tsuru-tsuru, ya shiga lissafi da yatsu. Kafin rana ta karkata ya miƙo masa jakar zinariya, har da ban haƙuri. Gogan naka ya saɓa jaka zai wuce, sai ya hangi mai karɓar haraji na gaskiya tafe daga ɗaya bakin gadar, da dogarai goma sha biyu a bayansa.

Wanda ka fi ƙaguwa ka ji ƙarshensa a cikin biyun nan ya riga ya yanke maka rabin shawara. Sauran rabin ya danganta da lokacin da kake da shi, da ƙarfinka a harshen da za ka yi karatun, da kuma iyakar zambar da zuciyarka za ta yarda ta yi wa dariya. Tun daga nan ina faɗa, ni ɓangaren shaƙiyyi nake, amma na sha cin karo da littattafansa da suka ba ni haushi, kuma zan faɗi dalili.

Inda kake tsayawa

Babban abin da ya raba su shi ne wurin da marubuci ya ajiye mai karatu. A labarin sadauki kana bayansa ne, kana ɗaga kai kana kallonsa. Abin da ya sani shi ka sani, tambayar da ke ranka kuma guda ce: zai iya kuwa? A labarin shaƙiyyi kana kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Kai ka san takardar a juye take, dodo bai sani ba. Da haka an mai da kai abokin laifi ba tare da an nemi yardarka ba, kuma tambayarka ta canza: yaushe asirin zai tonu, da wane baki kuma zai kare kansa?

Masifar da ke faɗa wa sadauki daga waje take zuwa, ko wani azzalumin sarki ya taso, ko an yi duba tun kafin a haife shi an ce shi ne zai ceci ƙasa. Shi kuwa shaƙiyyi da hannunsa yake ɗebo ta da zafi. Ya yi ƙarya ɗaya don ya samu wurin kwana, gari ya waye an ɗauke shi babban boka, kafin azahar an kawo masa 'yar sarki ya warkar. Kowace ƙarya sai ta nemi wadda ta fi ta girma ta rufa mata asiri. Abin da ke jan labarin ke nan, shi ya sa ba ya buƙatar duniya ta kusa tashi kafin ka damu. Wuyan mutum ɗaya ne a cikin igiya, kuma shi ya tufka ta.

Wannan ɗabi'a ta girmi litattafan zamani nesa ba kusa ba. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya rubuta maƙama hamsin, wato gajerun labarai na Larabci cikin salon magana mai amsa-amo, a kan Abu Zaid, dattijon da ke sauya kama daga gari zuwa gari, yau mai wa'azi gobe mabaraci, yana tatsar jama'a da zaƙin baki, mai ba da labarin kuma sai daga baya yake gane shi. A Sifaniya, a 1554, an buga labarin Lazarillo, yaron da ya fara da yi wa makaho jagora yana koyon zamba a hannunsa, littafin da har yau ba a tabbatar da marubucinsa ba. Mai karatun Hausa kuwa ba baƙo ba ne a nan. Da Gizo muka san wayo, sannan ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta haƙa wa juna rami a kan hanya.

Abin lura, labarin Hariri da na Lazarillo babu tsafi a cikinsu, zamba ce zalla tsakanin 'yan Adam. To me siddabaru ya ƙara wa shaƙiyyi da aka haɗa su? Abu biyu. Na farko, ya tsananta hukunci. In ka damfari ɗan kasuwa, iyakarta duka ko kurkuku. In ka damfari matsafi, kana iya wayar gari kwaɗo. Na biyu shi ne wanda na fi so: tsafi yana da ƙa'ida, ƙa'ida kuma tana da kafa. Aljanin da ya rantse zai cinye duk wanda ya shigo ta ƙofa bai ce komai ba a kan mai shigowa ta taga. Sadauki ba zai ko kalli tagar ba, don a wurinsa abin kunya ne. Shaƙiyyi kuwa tagar ce sana'arsa.

Haka ma kayan tsafin. A hannun sadauki, takobin sihiri amana ce mai nauyi, mutum ɗaya aka rubuta zai ɗauke ta, kuma sai ta ci wani abu daga rayuwarsa. A hannun shaƙiyyi, zoben sihiri haja ne. Ko sato shi ya yi, ko jabu aka sayar masa, ko na gaske ne amma ya manta rabin kalmomin da ake karanta masa. In kana son siddabaru ya sa tsigar jikinka ta tashi, wajen sadauki za ka. In kana son ka ga abin da zai faru idan ƙarfin aljanu ya faɗa hannun wanda ake bi bashin kuɗin haya, ka san inda za ka nufa.

Lokaci da harshe

Labarin sadauki gini ne, kuma tubalin farko ba ya da daɗin kallo. Babban littafin Tolkien, The Lord of the Rings, ya fito ne kashi uku tsakanin 1954 da 1955, ya haura shafi dubu, ga taswira, ga jerin sarakuna, ga harsunan da marubucin ya ƙirƙira da kansa. Jerin The Wheel of Time ya kai littafi 14, an fara a 1990 aka gama a 2013, mai shi Robert Jordan ma ya rasu a 2007, sai Brandon Sanderson ne ya ƙarasa. Wanda zai shiga irin wannan sai ya shirya riƙe sunaye da yawa a ka. In ka ajiye wata biyu ka dawo, sai ka rasa wane ne ƙanin wa, wace daula ce ke gaba da wace.

Labarin shaƙiyyi kuwa a gutsure aka saba yin sa. Fritz Leiber ya fara fitar da labaran ɓarayinsa biyu, ƙaton arewa Fafhrd da ɗan ƙaramin abokinsa Gray Mouser, a wata mujallar Amurka a 1939, kuma yawancinsu gajeru ne, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Za ka iya cinye ɗaya a zama guda a kan waya, ka tafi harkarka, bayan sati uku ka buɗe wani ba ka yi asarar komai ba. Terry Pratchett na Ingila ya rubuta littafi 41 a kan duniyarsa mai faɗi kamar faifai, wadda giwaye huɗu ke ɗauke da ita a bayan wani ƙaton kunkuru, daga 1983 zuwa 2015, amma akasarinsu ana iya ɗaukar ɗaya a karanta shi kaɗai. Ga mai aiki, ko uwa mai raino, ko ɗalibin da jarrabawa ke bi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai sauƙin yana da farashinsa. Shaƙiyyi ba ya cika sauyawa. Yadda ka same shi a babi na ɗaya, haka za ka bar shi a na ashirin, aljihu wayam, baki cike da dabara. In ka jera labaransa biyar a dare ɗaya za ka fara hango zaren: ya ga dukiya, ya yi ƙarya, ta kusa ci, reshe ya juye da mujiya, ya ranta a na kare. Irin wannan a kurɓe shi kaɗan-kaɗan ya fi.

Ga kuma wani abin da mutane ba sa zato. Wanda ake kira mai sauƙin shi ya fi neman ƙwarewar harshe. Yawancin waɗannan littattafai da Turanci ko Larabci za ka same su, kuma barkwanci shi ne abu na ƙarshe da mai koyon harshe yake kamawa. Marubucin sadauki yana iya kawo tsofaffin kalmomi, amma maganarsa miƙaƙƙiya ce, in ya ce an yi yaƙi, yaƙin aka yi. Marubucin shaƙiyyi da harshen damo yake aiki, kalma ɗaya ma'ana biyu, mutum ya yi zagi cikin ladabi, ya yi godiya da nufin barazana. Maƙamar Hariri ma abin da ya sa ake yi mata sharhi ke nan, wasa da kalmomin ya yi yawa. Jack Vance, marubucin almara ɗan Amurka, shi ma haka, mutanensa ko sata za su yi sai sun yi ta da lafazin fada.

Bayan wannan, rabin dariyar tsokanar labarin sadauki ce. Littafin Pratchett na farko a jerin, The Colour of Magic, cike yake da shaguɓe ga labaran takobi da tsafi da suka gabace shi, har da na Leiber. Wanda bai taɓa karanta labarin da ake tsokana ba zai ga mutane na dariya bai san dalili ba. Saboda haka ban cika ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba. Littafinsa Going Postal, na 2004, ya fi sauƙin shiga: ɗan damfara ne aka kai bakin igiya, aka bar shi da rai bisa sharaɗin ya farfaɗo da gidan wayan birni da ya mutu. Ba sai ka san komai ba kafin ka ji daɗin ganin mazambaci yana ƙoƙarin gudu daga aikin gwamnati, aikin yana ƙara shiga ransa.

Wa ya cuta?

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, don nan ne ake yawan yin zaɓen tumun dare. Bangon littafi zai nuna maka saurayi da murmushin gefe da wuƙa a ƙugu, a baya a rubuta cewa labarin raha ne. Wannan bai gaya maka komai ba. Shaƙiyyai iri-iri ne, kuma tazarar da ke tsakanin mai ban dariya da mai ban ƙyama ba ta da yawa.

Abin da nake fara dubawa shi ne wanda zambar ta faɗa wa. Dodon gada yana cin hannuwan mutane, don haka da aka wanke shi ba wanda ya ji tausayinsa. Waziri mai haɗama, matsafi mai girman kai, attajirin da ke tauye mudu, duk halal ne ga mai labari. Amma da gogan namu tsohuwa mai sayar da itace ya nuna wa takardar nan ya karɓe 'yan kuɗinta, da dariyar ta tsaya a maƙogwaro. Dabarar ɗaya ce, kalmomin ɗaya ne, wanda aka yi wa ne ya bambanta. Marubucin kirki ya san da haka, shi ya sa shaƙiyyinsa sama yake jifa.

Na biyu, yana biya? Rana dubu ta ɓarawo ce, amma labarin yana buƙatar ranar mai kaya ta riƙa leƙowa, ko da kaɗan. Birin nan na labarin Sin, Sun Wukong, wanda bugu mafi tsufa na littafinsa da ya rage na 1592 ne, ya hargitsa fadar sama da rashin kunya, sai da aka danne shi ƙarƙashin dutse shekara 500, bayan an sake shi kuma aka sa masa wani zobe a ka mai matsewa duk lokacin da ubangidansa ya karanta wasu kalmomi. Wannan zoben shi ya sa ake son sa. Shaƙiyyin da kullum shi ke ci, ba ya shan duka, ba ya kwana da yunwa, ba a taɓa yi masa wayo, sai ya zama mai cin zali da fara'a kawai.

Na uku, akwai abin da ba zai sayar ba? Ko aboki ɗaya, ko yaron da ya tsinta, ko jakin da suka sha wuya tare. Ba sai ya tuba ba, ni ma ba na son ya tuba. Amma a ce akwai wuri ɗaya da in an taɓa, wasa ya ƙare. Cugel, tauraron The Eyes of the Overworld na Vance da ya fito a 1966, ba shi da wannan wurin. Ya shiga gidan matsafi sata aka kama shi, aka jefa shi can ƙarshen duniya ya nemo wani abu, a hanyar dawowa kuma babu wanda bai ci amana ba, har da mata da marasa ƙarfi. Littafin yana da fasaha ƙwarai, kuma marubucin bai ce ka so shi ba, dariyar a kansa take. Amma mai neman abin da zai sanyaya masa rai bayan gajiyar yini, ba nan ba ne. Haka The Lies of Locke Lamora na Scott Lynch, na 2006: zancen mutanensa akwai zaƙi, damfararsu akwai tsari, sai dai akwai ashar, akwai kisa na rashin imani. Kada a ga ɓarayi masu barkwanci a miƙa wa yaro.

Ga yara da matasa ƙanana, akwai tsaka-tsaki. The Hobbit na Tolkien, na 1937, tauraronsa mutumin kirki ne mai son zaman gida, amma a matsayin ɓarawo aka ɗauke shi aikin, kuma da kacici-kacici da daɗin baki yake tsira fiye da takobi.

Aibin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne marubucin da ya kamu da son tauraronsa. Alamarsa ba ta ɓuya. Duk wanda shaƙiyyin ya gamu da shi sai a mai da shi dolo, sarki dolo, alƙali dolo, mai gadi dolo, don kawai wayon ya fito. To ina gwanintar yi wa wawaye wayo? Akwai wani da na taɓa bi shafi ɗari uku ina jin daɗi, ɓarawo ne marar asali mai bakin tsiya, sai a babin ƙarshe aka ciro wani tambari a kafaɗarsa aka ce ashe ɗan sarki ne da aka sace yana jariri. Na rufe littafin ban ƙarasa ba. Duk abin da ya sa na bi shi shi ne ba kowa ba ne, da wayonsa kaɗai yake ci, sai aka ce mini jini ne.

Sadauki ma yana da nasa ciwon. Yakan yi tsarki har ya gundure ka, yakan tsaya tsakiyar fagen fama ya yi jawabin shafi biyu, kuma sau da yawa sai ka haƙura da shafi ɗari na farko kafin a bar gida. Amma akwai abin da yake bayarwa wanda shaƙiyyi ba shi da shi. Aminin nan da ya faɗi a kan gada, in marubucin ya iya, za ka yi kwanaki kana tuna shi. Mutuwa a labarin sadauki tana da nauyi, alkawari yana da daraja, in an kai ƙarshe kuma za ka ji an sauke maka kaya. Labarin shaƙiyyi da wuya ya sa ka hawaye, kuma ba ya cika ƙarewa, tsayawa kawai yake yi, gogan ya sulale ta bayan gari ya nufi wani. Wanda ke cikin wani hali yana neman abin da zai ƙarfafa masa gwiwa, ko yake da dogon hutu yana son ya nutse cikin wata duniya ya manta da tasa, sadauki ya fi masa.

In littafin yana hannunka ba ka tabbata ba, kada ka tsaya a shafin farko, kowa ya iya gyara ƙofar gidansa. Buɗe can wajen kashi ɗaya cikin uku, ka nemi wurin da aka fara ritsa tauraron, inda ba gaba ba baya. In ya zare takobi, ka san gidan da ka shigo. In wani abin mamaki ya faɗo daga sama ya cece shi, ajiye littafin, ko na wane ɓangare ne. In kuwa ya buɗe baki, to saurara ka ji ko ƙaryar ta kai a biya mata kuɗi.

Mutuminmu na kan gada dai bai jefar da jakar ba, bai kuma faɗa ruwa ba, don bai iya iyo ba. Ya tsaya har mai harajin ya iso, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa jakar da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta shekara ɗaya na karɓar maka. Sauran ta shekara talatin da tara tana wurinsa, ya ce sai dai babba ya zo da kansa." Mai haraji ya leƙa jaka, ya dubi dodo, idonsa ya yi ƙyalli, ya ce dogarai su biyo shi. Shi kuwa gogan ya tsaya riƙe musu dawakai, duka goma sha ukun.